Ka kai labarin ƙarshe tukuna

Ɗana, ka ce labarinka ya cije a babi na shida tun bayan ƙaramar salla. Kullum ka zauna sai ka koma babi na ɗaya kana sake masa fasali, yanzu kuma ka cika littafin rubutu guda da tsarin gyara na biyu da na uku, har da sunan littafin da zai biyo baya. Kana tambayata ko ka dakata ka sake tsara komai daga tushe.

Kada ka dakata. Kada ka ƙara taɓa babi na ɗaya sai ranar da ka rubuta tammat a shafin ƙarshe.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan da kake yi yana kama da aiki. Kana tashi da gajiya, biro ya ƙare, zuciyarka ta kwanta cewa yau an yi wani abu, alhali labarin yana nan inda ka bar shi. Kuma farkon labari ba ya gyaruwa sai ka san ƙarshensa. Yarinyar da ka sako don ta kawo ruwa a babi na uku, wataƙila a babi na goma sha biyar ka tarar ita ce ta ɗauki nauyin labarin duka, dole ka koma ka rushe buɗewar da ka yi wata uku kana gogewa. Magini ba ya yaɓe kafin ya ɗora rufi.

Yawanci idan labari ya tsaya a tsakiya, marubucin ne bai san abin da jaruminsa yake nema ba, ko kuma akwai wurin da yake jin nauyin rubutawa, kamar saki ko mutuwar uwa. Ɗauki takarda ka rubuta a layi uku yadda kake so labarin ya ƙare. Sannan ka jera abubuwa uku kacal da za su faru daga inda ka tsaya. Iyakar tsarin da kake buƙata yau ke nan.

Batun lokaci kuwa, ka san garin Garwa na nan Kamaru. A Maris da Afrilu zafi yana wuce digiri 40, da hantsi ya yi kai ba ya ɗaukar komai, da dare kuma ba ka da tabbacin wuta. Naka shi ne bayan sallar asuba, kafin ka fita shago, waya a ɗaka a kashe. Kalma 300 a rana, a kwana 90 ka tara 27,000. Kada ka ce sana'a ta hana ka. A 1933 da Rupert East, Baturen Hukumar Fassara, ya sa gasar ƙagaggun labarai daga Zariya, Abubakar Imam yana koyarwa ne a Midil ta Katsina, saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Aiki na kansa, amma akwai ranar da ake jiran labarin, ya kuwa kai shi. Kai ma ka yanka wa kanka rana, ka faɗa mini ita.

In ka gama, ajiye shi wata guda. Gyara na biyu na ƙashin labari ne: wane babi ne za a cire ba a rasa komai ba, wa ya ɓace a hanya ba dalili. Na uku na harshe ne, kuma da baki ake yin sa, ka karanta da ƙarfi ka ji inda numfashi ke sarƙewa. A nan za ka gyara abin da makarantar Faransanci ta saba mana, "ou" a wurin "u", "tch" a wurin "c", ka sa wa ɗ da ƙ da ɓ lanƙwasarsu. Amma ina roƙonka, kada ka wanke bakin mutanenka su koma Kanawa. In dillaliyarka tana jefa Fulatanci a ciniki kamar yadda ake yi a babbar kasuwa, bar ta. Mai karatu a Sakkwato ko Damagaram abin da bai taɓa samu ba ke nan.

Sai abu ɗaya: kada ka fara sakin shafuka a WhatsApp yanzu. Da masu karatu sun fara cewa a aura wa wance wane, za ka koma rubuta abin da suke so, kuma babin da ya fita ba ya komawa gyara. Kawo mini babi na bakwai ranar Juma'a bayan an sauko, ko da kana ganin bai yi kyau ba.