Kullum Disamba sai ya ce mini "baɗi"

Mama, barka da aiki. Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan, abin ne ya cika mini ciki, kuma a inda nake ba ni da wanda zan amayar wa.

Ni 'yar Katolika ce daga wajen Malumfashi, maigidana ma ɗan can ne, a coci aka ɗaura mana aure. Yana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a Riyad, daga baya ya yi mana takardu muka biyo shi ni da yara. Ranar da ya zo ɗaukarmu, a gaban mahaifiyata ya ce duk Disamba zai mai da mu gida mu yi Kirsimeti. Da bakinsa ya faɗa, ba wanda ya matsa masa. Mama, tun da na sa ƙafa a ƙasar nan ban sake ganin Kirsimetin gida ba. Da Disamba ta matso sai ya ce baɗi. Baɗin ta zo, sai ya sake cewa baɗi. Bana ma tun a Oktoba na fara tuna masa, ya ce in bari ya gani, yanzu ga shi an kunna kyandir na biyu na lokacin jiran zuwan Almasihu, jiya da dare ya ce mini baɗi.

Dalilai kuwa ba sa ƙare masa. Yau tikiti ya yi tsada, gobe ba a ba da hutu a Disamba, jibi ginin da yake yi a gida ya kai linta saura rufi. Sai ya ɗauko lissafi ya ce duk wata riyal 400 yake biyan gwamnati kuɗin zama a kan kowane ɗayanmu, ni da yara uku, ban da kuɗin makaranta. Na sani, ban ce ƙarya yake ba. Amma da aka tashi bikin ƙanensa ai tikiti ya samu, hutu ma ya samu, ya tafi shi kaɗai ya dawo mana da kilishi da hotuna. To bikin ƙane ya fi haihuwar Yesu ke nan? Ko ina da kuɗina ba inda zan je, tunda bizar fita sai ya danna mini a Absher, manhajar gwamnatin Saudiyya, daga wayarsa.

Ke kin san yadda ake yi a gida, ba sai na faɗa miki ba. A nan kuwa ranar 25 ga wata rana ce kamar kowace. Ya sa kayan aiki ya fice tun da safe, motoci na wucewa, ba ƙararrawa, ba waƙa, ba yaro ko ɗaya da zai buga ƙofa ya ce barka da Kirsimeti. Bara na soya cincin cike da bokiti, na yi shinkafa da kaji, na rasa wanda zai ci. Na zuba a kwano na kai wa maƙwabciyata, wata Hajiya 'yar Kano da ke saman benenmu, mutumiyar kirki, duk Babbar Sallah sai ta aiko mana da nama. Tana buɗe kwanon ta ce, "Maman yara, yau bikinku ne ko? Allah ya maimaita mana." Ita kaɗai ta yi mini barka ido da ido a ranar nan. A kan matakala na zauna na yi kukana kafin na shiga ɗaki.

Da dare kuma yayata ta kira ni ta bidiyo daga harabar coci, Zumuntar Mata sun sha anko, ana kaɗa tulu ana guɗa, ga Inna a tsakiyarsu tana ɗaga mini hannu. Ankon nan har da kuɗina a ciki, duk shekara ina aikawa a ɗinka mini, yana can a akwati ban taɓa ɗaurawa ba. Uwar mijina kuma in ta kira sai ta ce, "Ku dai kun samu duniya, kun manta da Allah." Ni ce na manta da Allah? Ɗanta ne ya kawo ni. Amma abin yana ci na, ina kwana ina tunanin ko zunubi nake ta tarawa, tunda ba Mas, ba ikirarin zunubi gaban Fada, ba karɓar Jikin Almasihu, sai dai in kalla a waya.

Na ce masa to tunda ba za mu je ba, ya bari in gayyato wasu mata biyu 'yan Filifin da muka saba da su, mu rufe ƙofa mu yi waƙoƙi. Ya ce so nake a kore shi daga aiki. Na haɗa ɗan komin dabbobi da kwali don yara, ya ce in janye shi daga bakin taga. Don haushi ni ma na ajiye addu'ar rozarin dare da muke yi, in ya so ya ja da kansa, shi kuma in ya dawo barci kawai yake. Babban ɗanmu shekararsa 10, bai san yawon Kirsimeti ba. Autar da na haifa a nan ta shiga shekara ta 3, ko baftisma ba a yi mata ba tunda muna jiran a je gida, amma wannan dai a bar shi, ni abin da ke ƙona mini rai alkawarin nan ne. A gaban uwata ya yi shi. Mama, in tattara yarana in ce lallai sai ya sallame mu mu tafi ba shi, ko in ci gaba da haƙuri da baɗin da ba ta zuwa?

Maman yara uku, Riyad

'Yata, Ubangiji ya ba ki salama. Ban ji ta bakin mijinki ba, saboda haka ba zan yanke masa hukunci ba, kuma ba al'adar shafin nan ba ce raba mata da miji. Amma kafin in taɓa maganar alkawari, dawo nan ki sake karanta abin da kika rubuta da hannunki. Cincin ya samu layi, anko ya samu layuka, 'yar da kika haifa kuma ta shiga shekara ta 3 ba baftisma, kika ce "wannan dai a bar shi". Ba za a bar shi ba. Da na kai wurin nan sai da na ajiye takardar, domin a duk wasiƙarki ba abin da ya kai shi nauyi.

Dokar Ikilisiya, sashe na 867, ta ɗora wa iyaye su nema wa jariri baftisma cikin makonnin farko da haihuwarsa. Makonni aka ce. Ku biyu kun rataya baftismar yarinyar nan a wuyan tafiya gida, tafiyar kuma an rataya ta a wuyan rufin kwano. Ki riƙe wannan tun yau, ko da Allah ya kiyaye: in rashin lafiya ya taso mata har rai ya shiga haɗari, ba kya jiran Fada. Kowa yana iya yi, ke ma kina iya. Ki zuba mata ruwa a ka sau uku kina cewa, "Ina yi miki baftisma cikin sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki," daga baya ki sanar da Fada a rubuta. Wannan na ranar tsanani ne. Tunda lafiyarta ƙalau, hanya ita ce a kai ta gaban Fada, kuma wurin bai kai nisan Malumfashi ba.

Gaskiya ne ba coci ko ɗaya a Saudiyya, kuma doka ba ta yarda da ibadar da ba ta Musulunci ba a fili. A kan tara mutane a ɗakinku da kuma bakin taga, ki bi maganar mijinki, aikinsa da igamarku, wato izinin zamanku, duka a kan layi suke. Amma Katolikan da ke ƙasar nan ba marayu ba ne, suna da bishop. Saudiyya da Kuwait da Katar da Bahrain yanki ɗaya ne a tsarin Ikilisiya, kuma babban cocin yankin, na Uwargidanmu ta Arebiya, yana Awali a Bahrain, an keɓe shi a Disamba 2021. A Manama kuma akwai cocin Zuciya Mai Tsarki tun 1939. Daga Riyad zuwa Dammam wajen kilomita 400 ne, daga Khobar a hau gadar Sarki Fahad mai tsawon kilomita 25, an shiga Bahrain. Hutun mako a wurinku Juma'a da Asabar ne. Mutumin da ya iya nemo tikitin Najeriya don bikin ƙanensa ba zai gaza neman biza da man mota na tafiyar kwana biyu ba.

Na ce ba zan yanke masa hukunci ba, amma ba zan ɓoye miki ba, bai kyauta ba. Riyal 400 ɗin da yake lissafa miki gaskiya ne, nauyi ne, ki gode masa a kai. Sai dai ranar da kuka tsaya gaban bagade Fada ya tambaye ku ko za ku karɓi 'ya'ya daga hannun Allah ku rene su bisa koyarwar Almasihu da Ikilisiyarsa, ya amsa da bakinsa. Wannan alkawarin ya girmi wanda ya yi wa mahaifiyarki, kuma shi ne ya fi takawa. Gini zai jira damina ɗaya ba abin da zai same shi.

Bari in juyo gare ku, masu karatu, musamman mazan da ke Jidda da Riyad da Dubai da Turai. Kun iya lissafin bulo da siminti har na ƙarshe, amma in aka tambaye ku yaushe rabon matarku da ikirari sai ku yi shiru. Za ku gama benen, ku dawo da 'ya'yan da ba su iya alamar gicciye ba, sannan ku ce zamani ne ya lalace. Ku kuma na gida, masu karɓar saƙon kuɗi a ƙarshen wata kuna bin sa da gori cewa an manta da Allah, ku ji tsoron Allahn nan da kuke ambata. Uwar miji da ta damu da ran jikarta, ɗanta za ta kira ta ce a tsai da gini a kawo mata yarinya a yi mata baftisma.

Batun zunubin da kike kwana da shi, ki sauke shi. Sashe na 1248 ya ce inda ba Fada, ko wani babban dalili ya hana zuwa Mas, abin da ake so shi ne mutum ya keɓe lokaci ya yi addu'a, shi kaɗai ko tare da iyalinsa. Allah ba ya bin ki bashin abin da ba ki da iko a kai. Kallon Mas a waya yana da amfani, ki ci gaba, amma ba ya zama madadin karɓar Jikin Almasihu, ikirari kuma ba a yin sa ta waya. Shi ya sa tafiya wurin Fada ko sau ɗaya a shekara ta zama dole a gidanku, kamar kuɗin makaranta.

Inda ke ma ba ki da kariya shi ne rozarin da kika ajiye. Kin ce don haushinsa ne, to shi barcinsa yake, yara ne suka yi asara. Ikilisiya tana kiran iyali ƙaramin coci na cikin gida, a Riyad kuwa shi ne kaɗai cocin da 'ya'yanki suke da shi, kika rufe. Ki buɗe daren yau. Ranar 24 da dare ki sa babban ya karanta Luka sura 2, autar ta kwantar da jariri a komin kwalin nan naki, ku rera waƙoƙin da kika iya a hankali, ku ci abincinku, a kai wa Hajiya nata kamar bara. Ki karanta musu Matiyu 2:13-15 su ji cewa Yusufu da Maryamu ma sun yi zaman baƙunci da Yaron a Masar, nesa da dangi da Haikali. Ankon da ke akwati kuma ki sa yayarki ta ba wata gwauruwa a Zumunta ta ɗaura bana.

Kada ki tattara yara ki tafi cikin fushi. Ki bar maganar baɗi gaba ɗaya, ya saba da ita, ba ta ƙara shiga kunnensa. Ki same shi ranar Juma'a bayan ya huta, ki ce, "Baban yara, wace rana za a yi wa 'yarmu baftisma?" Rana za ki nema, da wata, da wuri. Lokacin Kirsimeti ba ya ƙarewa a 25 ga Disamba, yana kaiwa har idin Baftismar Ubangiji a cikin Janairu, ki nemi ya tsai da magana kafin nan. Ke kuma ki fara shiri: ki rubuta wa ofishin cocin da ke Bahrain ki tambayi abin da suke buƙata, ki sa a aiko miki da takardar aurenku ta coci daga gida, ki tanadi takardar haihuwar yarinyar, ku zaɓi uwar baftisma Katolika wadda ta kai shekara 16 kuma aka yi mata tabbatarwa. Ki tambaya har da yadda babban zai fara katikizim don karɓar Jikin Almasihu, ya kai har ya wuce. In ya sake ce miki baɗi a kan wannan, ki kira uban aurenku da mahaifiyarki da Fadan parish ɗinku na gida, ki haɗa su da shi a waya ɗaya, sannan ki sake rubuto mini abin da ya ce.