Magajin gari zai iya ƙara kuɗin rumfa shi kaɗai?

Tambaya: Malam, ina sayar da albasa a kasuwar wani gari da ke kusa da Garwa, a Kamaru. Da can dala ashirin, wato sefa ɗari, muke biya kullum. Wannan watan ma'aikatan meri, wato ofishin magajin gari, suka ce dala arba'in, wai umarnin magajin gari ne, kuma wani lokaci ko tikiti ba sa ba mu. Yana da wannan ikon?

Amsa: Alhaji, a taƙaice ba shi da shi. Dokar ƙananan hukumomi ta 24 ga Disamba 2019 ta raba aiki: majalisar kansiloli ce ke yanke shawara, magajin gari kuma ya aiwatar. Shi ma ai kansila ne, 'yan uwansa suka zaɓe shi daga cikinsu. Kuɗin rumfa sai majalisa ta zauna ta ƙuri'anta shi, bai kuma wuce iyakar da dokar haraji ta gindaya ba. Yana cikin kuɗin shiga na kasafin shekara, kasafin kuwa ba ya aiki sai firefe, wakilin gwamnati, ya amince.

Saboda haka kada ku tsaya cacar baki da yaron da ke yawo da jaka tsakanin buhuna, ɗan aike ne. Takarda za ku nema. Dokar ta ba duk mazaunin gari ko mai biyan haraji a cikinsa damar neman kwafin shawarwarin majalisa da na kasafi, shi zai biya kuɗin kwafin. Ku sa sarkin kasuwa a gaba, ku je wurin sakataren meri, ku ce a nuna muku shawarar da ta yi ƙarin. Ku duba kwanan wata da hatimi. In an ce "ku dawo gobe" sau biyu, to kun fara samun amsa ke nan.

Maganar tikiti ta fi ta ƙarin damuna. Kuɗin hukuma hannun ma'aji yake zuwa, tikitin nan kuwa shi ne sawunsa. Dala arba'in da ba takarda, Allah kaɗai ya san aljihun da ta kwana. Duk tikitin da kuka samu ku adana, ko da ya jiƙe da gumi.

Idan babu shawarar, ku rubuta wa magajin gari koke, ku aika wa firefe kwafi, ku tabbata an buga muku hatimin karɓa a naku. Wannan koken wajibi ne kafin a je kotun da ke shari'a da hukuma a Garwa, kuma in magajin gari ya yi shiru har wa'adi ya wuce, doka ta ɗauke shi a matsayin ƙi.

In kuwa shawarar tana nan daram, sai biya. Abin da ya rage shi ne kansilan unguwarku, wanda ya zo neman ƙuri'a har rumfarku. Zaman majalisa a buɗe yake ga jama'a, ku je ku ga hannun da zai ɗaga.