Ciwon ƙirji a ɗakin gaggawa: Likita ya amsa tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifinmu shekararsa 62, yana da hawan jini da ciwon suga. Ƙirjinsa ya ɗaure cikin dare muka garzaya da shi asibiti. An yi masa ECG an ce ba a ga komai ba, amma aka ƙi sallamarsa sai da aka ɗebi jininsa sau biyu. Anya ba neman kuɗi ba ne? (Daga Zariya)

Amsa: Wa'alaikumus salam, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Malam, abin da suka yi shi ne daidai, ko ni ke bakin aiki a daren haka zan yi.

ECG, wato wayoyin nan da ake mannawa a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, ƙa'ida ita ce a yi shi cikin minti 10 da isowar mai ciwon ƙirji. Idan ya nuna jijiyar da ke ciyar da zuciya ta toshe ɗungurungum, ba a jiran komai, sai a hau aikin buɗe ta. Sai dai mutum na iya kasancewa cikin haɗari alhali ECG ɗin farko ya fito fes. Shi ya sa ake neman troponin a jini. Sinadari ne da ke cikin tsokar zuciya, sai ta ji rauni yake zubowa da yawa, kuma yana ɗaukar sa'o'i kafin ya hau. Wanda aka ɗebi jininsa da wuri zai iya fitowa lafiya lau, a sake bayan awa 3 a tarar ya yi sama. Da sababbin na'urori akan maimaita bayan awa 1 zuwa 3, da tsofaffin kuwa har awa 6. Bambancin da ke tsakanin na farko da na biyu muke nema.

Akwai kuma wani ma'auni na auna haɗarin ciwon zuciya da ake kira HEART, wanda likitoci a ƙasar Holan suka fitar a 2008. Yana duba abu biyar: yadda ciwon yake, ECG, shekaru, cututtukan da ke jawo toshewar jijiya, da troponin. Kowanne maki 0 zuwa 2. Mu gwada da Baba: shekara 45 zuwa 64 maki 1 ne, hawan jini da suga maki 1, ƙirjin da ya ɗaure kamar an ɗora dutse, musamman in da gumi, maki 2. Ya kai 4 ke nan tun ba a duba jini ba, kuma daga 4 zuwa 6 ba a gaggauta sallama.

Tambaya: Likita, shekarata 24. Ina jin suka a gefen ƙirji, in na danna wurin ko na juya sai ya ƙaru. An yi mini ECG aka ba ni maganin ciwon jiki aka sallame ni, amma hankalina bai kwanta ba. (Daga Maraɗi)

Amsa: Malama, ciwon da za ki nuna da yatsa ɗaya, ki danna ya amsa, galibi na tsoka ne ko mahaɗar haƙarƙari. A ma'aunin HEART, masu maki 0 zuwa 3, kimanin 2 cikin 100 ne ke samun babbar matsalar zuciya cikin makonni 6. Amma ma'aunin nan bai san gudan jini a huhu ba. In kin haihu kwanan nan, ko kina shan ƙwayar tazarar haihuwa, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ko numfashi ya soma yi miki wuya, ki koma a ranar, ki faɗi haka da bakinki.

Tambaya: Mahaifiyarmu mai ciwon suga ce. Takan yi ƙorafin zafi a saman ciki da tashin zuciya da haki in ta yi tafiya. Mukan sayo mata maganin olsa a kemis. Ko akwai abin tsoro? Me za mu yi in ya tsananta? (Daga Gombe)

Amsa: Akwai, kuma wannan tambayar ta fi damuna. Mata, tsofaffi da masu suga sau da yawa ba sa jin ƙirji ya ɗaure, musamman da yake suga na dakushe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi. Sai abin ya zo da siffar ƙwannafi, kasala, gumi mai sanyi, ko ciwo a muƙamuƙi, kafaɗa ko gadon baya. Olsa ruwanta da abinci da yunwa, ba ta cika tashi don an hau bene ko an yi sauri zuwa maƙwabta ba. Ciwon da aiki ke tayarwa, hutu ya kwantar, zuciya ake fara zargi. Samun sauƙi bayan shan maganin olsa bai wanke zuciya ba. Ku kai Hajiya a yi mata ECG cikin makon nan, kada ku jira tsanani.

In kuwa ya taso ya wuce minti 15 bai lafa ba, ko da gumi da haki, kada a jira gari ya waye. Ta zauna a jingine, a nemi mota zuwa babban asibiti mai ECG, ba kemis ba. Ana iya ba ta asfirin miligiram 300 ta tauna, sai fa in jikinta ba ya karɓarsa, ko tana da olsa mai zubar jini, ko ciwon ya zo farat ɗaya kamar ana yaga ƙirji zuwa baya, domin wannan yana iya zama tsagewar babbar jijiya. Allurar narkar da gudan jinin da ya toshe jijiyar zuciya ana yin ta ne cikin awa 12 da fara ciwon, kuma ta fi amfani a sa'o'in farko. Ku riƙe lokacin da ciwon ya fara, ku tafi da duk magungunan da take sha a cikin kwalayensu.