Tambaya da Amsa: Ɗaukar Hoton Duwatsun Ennedi da Kogin Shari

Tambayoyin wannan mako sun fito ne daga masu karatu da ke tafiya arewa maso gabashin Chadi, yankin Ennedi, inda iska da ruwa suka sassaƙa dutsen yashi ya zama kwazazzabai da ginshiƙai, da kuma wani mai ɗaukar hoto a bakin kogin Shari. Hukumar UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 2016.

Assalamu alaikum. Na ɗauki hotuna a kwazazzabon Archei, inda raƙuma ke shan ruwa. Da ido duwatsun ja wur suke, amma a hoto sama ta fito fari fat, ƙasan kwarin kuma baƙi ƙirin. Kyamarata ce ba ta da kyau? Daga mai karatu a Damagaram.

Wa alaikumus salam. Malam, kyamararka ba ta da laifi. Idon mutum yana iya ganin haske mai ƙarfi da inuwa mai duhu a lokaci guda, kyamara ba ta kai shi ba. A kwari mai zurfi irin na Archei, tazarar da ke tsakanin hasken sama da duhun ƙasa ta fi ƙarfinta, dole ta sadaukar da ɗaya.

Ka auna hasken a kan wurin da ya fi haske, ka bar inuwa ta yi duhu. Idan ka ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ana iya farfaɗo da inuwa a kwamfuta, amma wurin da ya ƙone ya yi fari ya tafi ke nan. Ka sa ISO, wato ƙarfin karɓar haske na kyamara, a 100, buɗewar idon kyamara a f/8 ko f/11, ka kafa kyamara a kan sandarta mai ƙafa uku. In har yanzu bai isa ba, ɗauki hoto uku ba tare da ka motsa ta ba: a ma'aunin haske, ɗaya a -2 (mai duhu), ɗaya a 0, ɗaya a +2 (mai haske), daga baya a haɗe su. Sai dai raƙuma ba sa tsayawa cik, don haka a haɗaɗɗen hoton za ka ga raƙumi mai kai biyu. Inda akwai dabbobi, hoto guda ya fi, ka sunkuyar da kyamara ka cire sama daga cikinsa gaba ɗaya.

Abin da ya fi duk waɗannan shi ne lokaci. Jan da ka gani tsatsar ƙarfe ce da ke cikin dutsen, kuma ba ta nuna kanta sosai a inda rana ke duka kai tsaye. Ka jira hantsi, rana ta bugi bango ɗaya, haskenta ya dawo kan bangon da ke cikin inuwa. Wannan bangon na inuwa shi za ka fuskanta. Za ka ga yana ƙuna kamar garwashi, kowane layi na dutsen ya fito. Kada ka bar ma'aunin launi a kan zaɓin kansa, domin kyamara za ta ɗauka jan ya yi yawa ta wanke shi. Ka mayar da shi kan alamar rana, wajen 5500K a lambobin ma'aunin.

Na ɗauki bakan dutsen Aloba, amma duk wanda na nuna wa sai ya ɗauka ƙaramin dutse ne. Daga wata mai karatu a Njamena.

Hajiya, tsayin Aloba ya kai wajen mita 120, amma hoto ba ya faɗin girma sai an ajiye abin da ido ya sani a gefe. Ki sa jagoranku ya tsaya a ƙarƙashin bakan, ke kuma ki ja baya sosai ki janyo da zuƙo-nesa, wato gilashin da ke janyo abin da ke nesa. Idan kika matsa kusa kika ɗaga kyamara sama, ƙafafun bakan za su karkata ciki, ya ƙara gajarta. Makiyayan Tubawa da raƙumansu suna ƙawata hoto, amma a gaishe su a nemi izini tukuna, musamman mata.

A bakin Shari duk hotunan da na ɗauka ruwan ƙyalli kawai yake yi, babu launi. Daga wani ɗalibi a Marwa.

Ɗan'uwa, nemi filtar CPL, wato gilashin da ake ɗaurawa a gaban kyamara don rage ƙyalli, daidai da faɗin bakin gilashin kyamararka. Lambar tana rubuce a jikinsa, kamar 58 ko 67. Ka riƙa juya ta a hankali kana kallo har ƙyallin ya kwanta. Tana aiki sosai idan rana tana gefen kafaɗarka, amfaninta yana raguwa idan ranar tana gabanka ko bayanka. Filtar tana cinye kusan mataki biyu na haske (kowane mataki yana rage rabin hasken), don haka in kana cikin kwale-kwale ka ɗaga ISO zuwa 400, saurin ƙiftawar kyamara kada ya gaza 1/500 na daƙiƙa. Da gilashi mai faɗin gani kuma tana bar wa sama tabo mai duhu a gefe guda.

Ba kowane ƙyalli ake kashewa ba. Da almuru, lokacin da masunta ke jefa birgi, wannan hasken na kan ruwa shi ne hoton: cire filtar, auna a kan ruwan, mutanen su fito baƙaƙe. Ka daidaita gaɓar kogin da layukan da ke kan allon kyamara, don ruwa ba ya karkata. Gada da wuraren jami'an tsaro kuwa, ka kauce musu.

Yaya zan kare kyamara daga rairayi, kuma wane wata ya fi? Daga mai karatu a Kano.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu zafi ya fi sauƙi, amma lokacin hunturu ne, hazo na iya rufe nesa. A irin wannan rana ka bar hoton fili, ka matsa kusa da jikin dutse. Kada ka sauya gilashi a waje, sai a cikin mota da tagogi a rufe, bakin kyamara yana kallon ƙasa. Kada ka goge da bakin riga: ƙwayar yashi ta fi gilashi tauri, za ta karce shi. Fara hurawa da 'yar robar iska, sannan burushi mai laushi, ƙyalle a ƙarshe. Tafi da batir uku aƙalla, ka kwana da su cikin bargo saboda sanyin dare yana zuƙe su.

Da damina kuwa, wajen Agusta, kada ka shiga matsattsen kwari ko da sama ta yi garau a kanka. Ruwan da aka yi a nesa yana iya gangarowa cikin mintuna. A Agustan 1997 irin wannan ambaliya ta kashe masu yawon buɗe ido 11 a kwazazzabon Antelope da ke Arizona ta Amurka. Idan jagora ya ce a fita, a naɗe kaya a fita.