An yi mini canjin aiki zuwa Yamai, a wace unguwa zan sauka da iyali?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a Madawa, jihar Tawa, an yi mini canjin wurin aiki zuwa Yamai. Ina da mata da yara uku, babu mai jin Zabarmanci a cikinmu. Ina za mu zauna inda ba za a riƙa yi mana kallon baƙi ba, yara kuma su tashi cikin jama'a iri-iri?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa canjin nan ya zama alheri. Maganar harshe kada ta hana ka barci, domin da Hausa za ka yi cefane a Katako ko Wadata, ka shiga taksi, ka kai yaro likita. Amma ku koyi gaisuwa tun yanzu, kai da uwargida. "Fofo" da "mate ni go" kaɗai suna sa tsohuwar Bazabarma ta saki fuska. In kuma kai Bagobiri ne kamar yawancin mutanen Madawa, ka zo da jarinka, don Zabarmawa abokan wasanku ne. Maƙwabci zai tsokane ka tun ranar da kuka sauke kaya, kai ma ka rama, daga nan zumunci ya ƙullu.

Ƴan'uwa za su ce ka nufi Zongo ko Bukoki, inda Hausawa suka daɗe. Wurare ne masu sauƙin sabo, sai dai akwai cunkoso, kuma kai cuɗanya kake nema. Ni zan ce ka leƙa Lazare, Banifandu, Talaje da Yantala, inda za ka tarar da Bazabarme, Bafillace, Buzu, Babarbare da mutanen Benin da Togo a layi ɗaya. Filato da Kwara Kano suna da tsari, amma haya da tsada, kowa kuma yana bayan katangarsa, uwargida za ta iya wuni ba ta ji sallama ba.

Gaskiyar magana, gidan da za ka shiga ya fi sunan unguwa muhimmanci. Ma'aikata da dama a Yamai gidan haya na tarayya suke zama, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya. A nan ake samun maƙwabciyar da za ta riƙe wa matarka yaro ta je kasuwa, a nan kuma ake ɓatawa kan kuɗin wuta da ruwa. Saboda haka kada ka yarda dillali ya kai ka da tsakar rana kawai, lokacin da gida yake shiru. Ka koma kai kaɗai bayan la'asar. Ka zauna a fadar ƙofar gida, ka sha shayi, ka ji da waɗanne harsuna ake hira, ka ga ko an matsa maka wuri a benci. Ka tambayi mai kanti me ya fitar da wanda ya bar ɗakin, ka tambayi masu haya yadda ake raba kuɗin wuta a watan Afrilu da Mayu, lokacin da kowa ke kwana da fanka.

Sai batun ruwa, wanda baƙi ke mantawa da shi in sun zo da rani. A Satumban 2020 kogin Kwara ya cika ya fasa madatsa, ya shiga unguwanni irin su Lamorde da Kirkisoy a hayin Harobanda, Saga ma ba ta tsira ba. Harobanda wuri ne mai daɗin zama, ga Jami'ar Abdu Mumuni ta tara ɗalibai daga kowace jiha, amma ka nemi tudu, ka duba gindin katanga ko akwai shatar ruwa. In ofishinku yana tsakiyar gari, ka gwada ƙetare gadar Kennedy, wadda ta haɗa Harobanda da tsakiyar gari, da ƙarfe bakwai na safe kafin ka yanke shawara.

In da hali ka riga iyali zuwa, ka sauka wajen ɗan'uwa na wata guda kana dubawa. Masu gida sukan nemi kuɗin ƴan watanni gaba, to kada ka ba da ko dala sai an rubuta takarda da sa hannu, ka kuma tabbatar akwai lakwal ɗin da yaran za su iya zuwa da ƙafa.