Amsa ga mai tsohon Honda Dax: kada ka fara da fenti

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ji ƙan Baba, ya sa Aljanna ce makoma. Na karanta tambayarka: ka tarar da ƙaramin babur ɗinsa, Honda Dax ST70, a sito, ya fi shekara goma ba a tashe shi ba, kuɗin hannunka ba su da yawa, kuma bakanike ya ce a jefa masa sabon inji a fesa fenti a wuce wurin. Na gyara irinsa shekara huɗu da suka wuce, har yau kuma shi nake hawa zuwa masallaci da cefane, shi ya sa na ga ya kamata in ce wani abu.

Ka fara sanin abin da ke hannunka. Honda ta fito da Dax a 1969, a Amurka kuma ana kiransa CT70. Injinsa 72cc ne, mai kwance, ɗan gida ɗaya da na Honda C70, kuma tsarin wannan injin ne kamfanonin Sin suka kwaikwaya suka yi roba-robar da ta cika titunanmu. Ma'ana, duk bakaniken da ya iya roba-roba ba zai ga baƙon abu ba in ya buɗe shi. Inji ne mai jimiri ƙwarai, kuma sau da yawa wanda ya daɗe a ajiye ba mutuwa ya yi ba, datti da tsohon mai ne suka toshe shi.

Ni kuskuren da na yi shi ne na fara da fenti. Na kashe kusan rabin abin da na tanada a kan kwalliya, sannan aka zo sauke inji, sifana ta goge nan, fetur ya zuba can, kafin babur ya tashi fentin ya lalace. Abin ya yi mini ciwo sosai. Don haka kada ko kwabo ya fita daga aljihunka sai ka san halin da injin yake ciki.

Ka wanke shi, ka ɗauki hotonsa ta ko'ina da waya, musamman yadda wayoyin wuta suka bi. Ka cire fulogi, ka zuba ɗan baƙin mai cokali ɗaya ta ramin, sannan ka danna kik da hannu a hankali. Da hannu na ce. In ya juya, ka gode wa Allah, rabin damuwarka ta tafi. In ya cije, kada ka hau shi da ƙafa, domin nan ne ake karya ringi ko haƙorin kik. Ka zuba kananzir gauraye da baƙin mai ta ramin fulogin, ka bar shi kwana uku ko huɗu, kullum ka zo ka ɗan motsa notin maganeto gaba da baya da sifana. Nawa sai a rana ta biyar ya saki, da wata 'yar ƙara kamar an ɓalle murfin gwangwani. Bayan ya juya, ka toshe ramin da babban yatsa ka danna kik. In iska ta ture yatsan da ƙarfi, akwai sauran rai a fiston da bawul.

Kafin ka yi yunƙurin tada shi, ka zubar da tsohon baƙin man ka zuba sabo. Bai kai lita ɗaya ba abin da yake sha. Sai wuta. Tsofaffin nan masu wutar volt 6 ne (6V), kontak ne ke sakar wa fulogi wuta, ba su da CDI, wato akwatin lantarkin da ke wannan aikin a sababbin babura. Ka sa sabon fulogi, NGK C7HSA, ka jingina shi a jikin inji ka buga kik a inuwa. In ba ka ga shuɗiyar wuta ba, kada a yi saurin ce maka kwayil ya ƙone. Galibi bakin kontak ne ya yi tsatsa. Sanfefa mai laushi za a zura a goge shi, a saita tazararsa tsakanin 0.3 zuwa 0.4 na milimita. Tazarar bawul kuma 0.05 na milimita ce, na shiga da na fita, a saita su inji yana da sanyi. In har ta kama a cire maganeto, a nemi ƙarfen da ake zaro shi da shi, kada ka yarda a sa guduma, karanshaf ne zai ji a jikinsa.

A kan kabireta nake so in ja kunnenka da gaske. Ta asalin nan ta kamfanin Keihin ce, kuma ta fi sababbin kasuwa masu araha nesa ba kusa ba. Wanda ya fara taɓa nawa ya ce ta mutu, ya sa mini sabuwa, babur ya ƙi zama a silo, yau ya yi ambaliyar mai, gobe ya shaƙe. Allah ya sa na karɓi tsohuwar na ajiye a gida. Da na jiƙa ta kwana biyu, na busa ƙananan ramukan jet, inda fetur ke bi, da iska, na canza allurar fulot da gaskit, tashi ɗaya ya zauna lafiya. Kada a tsokale jet da waya ko allura, ramin zai faɗaɗa, babur ya koma shan mai. Duk abin da aka cire daga jikinsa, ko ya yi kama da shara, ka sa a leda ka rubuta sunansa ka kai gida.

Tankin yana ɓoye ne a ƙarƙashin kujera. In na ƙarfe ne kuma ya yi tsatsa, ka zuba tsofaffin notuna da kananzir ka girgiza sosai, ka zubar, ka cika shi da ruwan khal ya kwana biyu, ka ɗauraye, ka shanya a rana ya bushe ƙarau, ka zuba fetur a ranar don kada tsatsa ta dawo. Ka sa ƙaramar filta a kan tiyon mai. Kafin a gama wannan, gorar ruwa da tiyo sun isa ka gwada tashin inji.

Wani abu da ya ba ni wahala: kusoshin murfin inji. Sukundireba ta yau da kullum tana cinye kansu, saboda yankan na Japan ne. Ka ari irin wadda ake bugawa da guduma tana juyawa, za ta cece ka daga zuwa wurin mai walda.

In ya tashi, kuɗi na gaba na birki da taya ne, kuma a nan ba na neman araha. Takalmin birkin da ya shekara goma a ajiye fatarsa tana iya ɓallewa kana cikin tafiya. Ka canza shi, da wayoyin birki da ta totur. Tayar inci 10 ce, 3.50-10, girman ta Vespa, don haka ba za ta yi wuyar samu ba. Wilin ɓari biyu ne da aka haɗa da noti. Ka sace iskar gaba ɗaya kafin ka kwance ko noti ɗaya, ka kuma kankare tsatsar da ke tsakaninsu, ita ce ke cin tub. Sarƙa mai lamba 420 ce. Batir kuma kada ka yi ta yawo babu shi, domin a tsarin 6V shi ke riƙe wutar, in babu shi ƙwan fitila zai yi ta ƙonewa.

In ya tashi yana hayaƙi, a buɗe kai a duba. Wataƙila ringi da gaskit kawai yake so; in bulok ya ci, a faɗaɗa raminsa da 0.25 ko 0.50 na milimita. Ka tafi kasuwa da tsohon fiston ɗin a hannunka, saboda na 6V kansa mai tudu ne, bai yi daidai da na sababbi ba, na 110 kuwa ya yi masa girma. Ƙananan kayan jiki irin su murfi da fitila, a yi haƙuri a zaga wurin masu tsofaffin kaya, irin Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano.

Maganar sabon inji, gaskiya ne na kamfanin Lifan na Sin yana zama a mazaunin tsohon, sai dai za a sauya wayoyi zuwa 12V, kuma birkin ba a yi shi don wannan gudun ba. Ni ban ba ka shawara ba sai in karanshaf ya tashi aiki. Ko an sa, ka adana na Baba.

Ka leƙa wajen mazaunin batir da inda inji ya ratayu, nan ne jikin yake ruɓewa ko tsagewa. Ka nemi takardunsa a cikin kayan marigayi, ka gwada lambar da ke jiki da ta takarda. Fentin asali in bai ɓare ba, sabulu da man goge mota sun ishe shi a yanzu.

Ka je ka danna kik ɗin nan da hannu, ka faɗa mini ko ya juya, sai mu san inda za mu sa gaba.