Daga ina birni zai fara kasafin sauyin yanayi?

Ka tambayi yadda birni zai fara wannan kasafi, wato tsarin ƙayyade yawan hayaƙi mai ɗumama duniya da zai rage da matakan rage shi, ya kuma haɗa kan sassansa. A ganina, kada a jibga wa sashen muhalli aikin shi kaɗai, domin ba shi ke riƙe da lalita ba. Birnin Oslo na ƙasar Norwe ya fara nasa a 2017, ya damƙa shi ga sashen kuɗi, ana lissafin hayaƙi kamar yadda ake lissafin kuɗi.

Ku fara gano inda hayaƙin ke fitowa: motoci, juji, gine-gine. Sannan kowane mataki, ko da sayen bas mai lantarki ɗaya ne, a rubuta sashen da zai yi shi, kuɗinsa, da tan nawa zai rage. Shugabannin sassa su riƙa zama tare suna duba rahoton yadda aikin ke tafiya.